Butar da Inna Ta Wanke

Ni 'yar gidan jere ce. A ɗakin Inna, can cikin birnin Kano, akwai bango guda da ban taɓa ganin launinsa ba saboda kwanuka. Samiru a ƙasa, kwanukan sha a kansu, farantan tangaran a tsakiya, tasoshi a can sama kusa da rufi. Ba a cin abinci a ko ɗaya, amma ana wanke su. Da salla ta ƙarato sai a sauke su kaf a tsakar gida, Inna ta zauna da toka da tsamiya da soso, ni ina ɗauraya ina gogewa. Ba ta miƙo mini tasa sai ta ga fuskarta a gindinta. A wurinta, mace mai dusasshen kwano ba ta da bakin magana a cikin mata.

Nawa jeren ban more shi ba. Muna 'yan watanni da aure Malam, maigidana, ya samu karatu a Madina, da ya gama kuma aka riƙe shi koyarwa. Da akwati biyu muka zo. Kayan ɗakina aka kulle a gida, ƙannena suka yi ta aure da su kaɗan-kaɗan har suka ƙare. Nan kuwa gidan haya ne a unguwar Harra ta Gabas, yau kana wannan bene, baɗi mai gida ya ce ɗansa zai yi aure ka tashi. Roba da silba, su ne kayan ɗakina na shekaru. Ban taɓa yi wa kowa ƙorafi ba, don wadda Allah Ya zaunar a garin Manzo in ta ce tana kewar kwano, dariya za a yi mata. Amma ina kewarsa.

A haraj na tsinci butata ta farko, wato kasuwar tsofaffin kaya inda ake zube kayan gidajen da aka tashi ko aka yi rasuwa. Fanka muka je nema. Malam yana can yana ciniki, ni kuma idona ya faɗa kan wata butar tangaran a cikin kwali, tsakanin tsohuwar rediyo da murafun tukwane. Ba irin ta alwala ba, irin wadda a gida muke ce wa jug, mai ƙaton ciki da mariƙi da ɗan baki. Launinta ba fari fat ba ne, ya ɗan ja zuwa na man shanu sabon kaɗi. A gefe ɗaya akwai zanen jirgin ruwa irin na da, da baƙin tawada, ƙyallayensa a cike da iska, igiyoyinsa sirara kamar gashi, da tuta mai ratsi-ratsi a bayansa. A ɗaya gefen mikiya ce ta buɗe fukafukai, taurari sun kewaye kanta. Na ɗauka na ji ba ta da nauyi ko kaɗan. Malam ya ce, “Me za ki yi da wannan tsohuwar aba?” Na ce ruwa zan riƙa zubawa. Ƙarya na yi, ko ɗigo bai taɓa shiga cikinta ba.

Da na ɗauki hotonta na bincika a waya, sai na faɗa wata duniya da ban san da ita ba. Ashe a Ingila aka yi irinsu, fiye da shekara ɗari biyu, don sayar wa matuƙan jiragen ruwan Amurka lokacin da ƙasarsu take sabuwa suna ɗokinta. Abin ya ba ni dariya: mutanen da aka yaƙa aka rabu da su, su ne suka koma suna buga wa abokan faɗan nasu tuta a jikin buta. Zanen kuma ba da hannu aka yi shi a jikinta ba. A farantin jan ƙarfe ake sassaƙa shi, a shafa tawada, a ɗauko a takarda, a manna a jikin butar bayan an riga an yi mata ƙyalli, sannan a sake gasawa. Ke nan zanen a sama yake zaune, kamar lalle a fata. Abin da duk masu tara su ke nanatawa ɗaya ne: kada a kankare, kada a jiƙa a bilic, ƙura kawai za a kaɗe da tsumma mai laushi.

Ta yaya ta zo Madina? Ban sani ba. Wataƙila wani ne ya yi karatu a can ya dawo da ita, ya rasu, magada suka zubar. Na daina tambaya. Abin da na sani shi ne daga ranar na kamu. A shekarun da suka biyo baya na samu uku. Ɗaya a Jidda, mai tsagar da ta ratsa gindi. Ɗaya aka aiko mini daga waje, ta iso mariƙinta a karye duk da tulin takardar da aka naɗe ta. Ta huɗun maƙwabciyata ce ta kawo mini, wata mutuniyar Maraɗi da ke aikin shara a wani gida a Harra ta Yamma, ta ce uwar ɗakinta za ta jefar sai ta tuna da “mai son fasassun kaya.” Duk cikinsu ta farkon nan ce kaɗai lafiyayya, ba tsaga ba ɓantara. Sai dai jikinta ya yi ƙananan jijiyoyi masu ruwan ƙasa na tsufa, waɗanda masana suka ce a bar su haka.

Wahalar tara irin wannan kaya a gida irin namu ba samunsu ba ne, tsare su ne. Kowa ya shigo yana da shawara. Matan abokan Malam su ce, da kuɗin nan ai da dinasat kika saya mai ruwan gwal. Baƙi masu Umara su miƙa hannu za su zuba zamzam. Malam shi kuma tsuntsun ne ya tsaya masa a rai, ga ɗalibai suna shigowa falon karatu. Ɗaya daga cikin butocin ma fuskar wani babban sojansu ce a jiki, mai gashi kamar an ɗora masa auduga. Wannan kam ya ce ko kwali ko waje. Muka daidaita: soja a kwali, sauran ukun a kabad mai gilashi, jirage suna kallon falo, tsuntsaye suna kallon bango. In ba kowa a gida nakan buɗe in juyo mikiyar in kalle ta, sannan in mayar. Jeren da na samu ke nan bayan shekaru, buta uku da suka ba ni rabin jiki.

Sai Inna ta zo Umara.

Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta kiran sunana, ba ta yaba mini a gabana, ba ta zama ta yi hira da ni kamar yadda take yi da autarmu. “Ke” ce ni, ko “'yar nan.” Abin da take yi mini shi ne aiki. Tun ina amarya, in ta zo gidana ba ta zama, sai ta sami abin gogewa. Mun ce ta sauka a wurinmu maimakon masaukin ayarinsu, ta yarda, kuma tun kafin ta cire mayafi na ga idonta ya sauka a kan kabad ɗin. Ta matsa, ta leƙa, ta ja tsaki ƙasa-ƙasa.

“Waɗannan su ne jeren naki?”

Na ce, “Su ne, Inna. Tsofaffi ne ƙwarai.”

“Na ga alama. Yaushe rabonsu da ruwa?”

Na yi mata bayani. Wallahi na yi. Na ce ba a wanke su, wanki yana lalata su, haka ake son su. Ta ce “to,” irin “to” ɗin da na sani tun ina yarinya. Washegari na sake cewa, “Inna, don Allah kada ki wanke butocin nan.” Ta ce, “Na ji.” Matsalar ita ce a ranar na ce mata kada ta share falo, ta share. Na ce kada ta wanke tukwane, ta wanke. Na ce kada ta taɓa labule, na dawo na tarar da su a kan igiya. Duk 'yar kirki haka take cewa in uwarta ta zo, kuma duk uwar kirki ba ta ji. A kunnen Inna, maganar butoci kara ce irin ta tukwane da labule, ba ta da wani bambanci. Kabad ɗin ba shi da makulli. Na yi tunanin kwashe su in kai ɗaki, sai na ga kamar na ce uwata ɓarauniya ce.

Ana gobe ayarinsu zai tafi Makka, muka fita ni da Malam da hantsi wajen sabunta takardun zama, aikin da ba a aika wani. Muka daɗe a layi. Da muka dawo bayan azahar, tun daga ƙofa na ji warin bilic.

Tana zaune a ƙasan kicin a kan 'yar kujera, ta ɗaure zani a ƙirji kamar a tsakar gidanmu na Kano. Bokiti a gabanta, soson waya a hannunta, butata ta farko a cinyarta. Jijiyoyin nan masu ruwan ƙasa ta fara bi, ta ce, suka ƙi fita, sai ta jiƙa ta ta sa ƙarfi. Da ta sa ƙarfi sai ta ga baƙin ma yana fita. Ta juyo mini gefen. Babu mikiya, babu taurari. Sai wani fili fari mai kaushi, duk zane-zanen waya, da ɗan burbushin fiffike ɗaya kusa da mariƙi.

“Kin ga hasken da ke ƙarƙashi?” in ji ta. “Tsuntsun ma na hutar da ku. Na lura kuna juya shi bango saboda Malam. Yanzu sai ki ajiye ta yadda kika ga dama.”

Ban san me fuskata ta yi ba. Na san dai kunnuwana sun ɗauki zafi. Shekara ɗari biyu abin nan ya yi yana yawo, ya tsallake teku, ya tsallake hannun magada da 'yan haraj, ya zo ya ƙare a kicin ɗina tsakanin hantsi da azahar. Na buɗe baki, sai na ga yatsunta. Bilic ya cinye fatar, waya ta yanke ta a wurare biyu, jini yana ɗan tsattsafowa. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ta yi awoyi a durƙushe.

Na ce, “Sannu da aiki, Inna.”

Malam da ke bayana ya ce, “Ma sha Allah, Hajiya, Allah Ya saka da alheri.” Da zuciya ɗaya ya faɗa, har da murmushi. A ranar da ina da ikon sakin mutum da na yi tunani.

Inna ta miƙe da ƙyar tana dafa bango. Ta ce, “Hannuna ya gaji. Gefen jirgin nan sai na dawo daga Makka, ba a barin kwano rabi fari rabi baƙi. Sannan in bi sauran, har wadda kika ɓoye a kwali.”

Da safe muka raka ta Bi'ir Ali inda za su ɗauki harami. Motoci jere, direbobi suna ta kiran mutanensu, ko'ina fararen kaya. A hanya na shirya maganata tsaf. Na ce zan faɗa mata a nan, a bainar jama'a, inda ba za ta iya tashi ta bar ni ba. Muka shiga ɓangaren mata, ta yi nafila, ta yi niyya. Ta fito ta kama hannuna, abin da ba ta saba yi ba, da yatsun nan da na naɗe mata da filasta. Ta ce, “Zan yi miki addu'a a gaban Ɗaki.” Wa zai tsayar da mai harami ya yi mata ƙorafin buta? Na ce Allah Ya karɓa. Motar ta tashi, na koma tamu ina huci, Malam ya tambaye ni ko kewa ce, na ce masa ya tuƙa kawai.

Kwanakin da ta yi a Makka ban yi su cikin daɗi ba. In na buɗe kabad in ga farin gefen nan sai raina ya ɓaci sabo. In juyo jirgin in ga igiyoyinsa sirara, in tuna soson waya, sai in yi sauri in rufe kabad ɗin. Na je wurin Malam na ce ya yi mata magana, tana jin nauyinsa. Ya ce shi ba zai shiga tsakanin uwa da 'ya a kan tangaran ba, kuma ma, in ji shi, ladanta aka ba ta na cire hoton. Na kira autarmu a Kano, ta yi ta dariya har da tari, ta ce, “Yaya, ki bar ta ta wanke mana, ba wata za ki saya ba?” Ba wanda ya ga abin da aka yi mini. Kowa gani yake tsohuwa ta yi wa 'yarta alheri, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiyarsu ne.

A ƙarshe na yi dabarar matsorata. Na naɗe butocin huɗu a tawul na kai wa maƙwabciyata ta Maraɗi ajiya, da niyyar in Inna ta tambaya in ce an ara.

Inna ta dawo a gajiye, muryarta ta dushe. Ta huta kwana guda. Washegari da hantsi maƙwabciyar ta shigo yi mata barka da dawowa, ga kwali a kanta. Ta sauke shi a tsakiyar falo, a gaban Inna.

“Hajiya, sannu da hanya, Umara makbula. Ke kuma ga amanarki, wallahi ban iya riƙonta. Ɗakina guda ne, yara na ta tsalle, in wani abu ya hwashe mi zan ce miki? Halas, shi ke nan, na kawo.”

Inna ta dubi kwalin, ta dube ni. Ta jira baƙuwar ta tafi. Sannan ta tashi ta ja kwalin zuwa kicin, ta ɗauko bokiti, ta tara ruwa. Ina tsaye ina kallo ta zare soson waya sabo daga leda, wanda ta sayo da kuɗinta a Makka saboda wannan aiki. Ta warware tawul, ta ɗauko ta farkon, ta juyo gefen jirgin.

Na ce, “Inna, ki ajiye.”

Ta ce, “Ke dai je ki yi aikinki, ba zan gaji ba.”

“Ba kara nake miki ba. Ki ajiye.”

Ban taɓa yi mata magana da wannan muryar ba, ni kaina sai da na tsorata da ita. Ta ɗago. Na durƙusa a gabanta don kada in yi mata tsaye a ka, amma maganar ba ta yi laushi ba, don ta daɗe a cikina tana tafasa.

“Baƙin nan ba datti ba ne. Saboda shi na saye ta. Shi nake kallo. Gefen da kika wanke ya lalace, Inna, ba mai iya mayar da shi, ko a ƙasar da aka yi ta. Na faɗa miki tun ranar da kika zo. Sau nawa na faɗa.”

Ta daɗe tana kallon butar. Ta juya ta zuwa farin gefen, ta shafa kaushin da babban yatsanta, inda filastar ta fara ɗagowa.

“Lalatawa na yi ke nan,” in ji ta.

Na so in ce a'a. Amma in na ce a'a jirgin ya tafi, na san uwata.

Ta ce, “To.” Ta miƙo mini butar da hannu biyu. Ta zubar da ruwan bokitin, ta mayar da soson cikin ledarsa, ta wanke hannu, ta koma ɗaki.

Na mayar da butocin kabad, jirgin yana kallon falo, ko igiya ɗaya bai rasa ba. Na samu abin da nake so, kuma haushina bai ragu ba, sai ma ya rasa wanda zai kama.

Sauran kwanakin Inna ba ta yi fushi ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Tana amsa gaisuwa, tana cin abinci, muna zuwa Harami tare mu dawo. Amma ta daina taɓa komai. Ba shara, ba tukwane, ba labule. Takan zauna a gefen katifa da carbi, hannuwanta a cinya. Gidan ya yi tsit, babu ƙarar kwanukan da ke tashina da safe tun zuwanta. Na riƙa barin tukunya a wurin wanki da gangan ko za ta ɗauka, in dawo in tarar da ita yadda na bar ta. Sau ɗaya na ce, “Inna, ko za ki taya ni tsince shinkafa?” Ta ce, “Kawo, ki nuna mini yadda kuke yi a nan.” Matar da ta koya mini riƙon faifai.

Ranar da za ta koma, mun karya kumallo da wuri, akwatunanta suna bakin ƙofa, Malam ya sauka tayar da mota. Ina kicin ina haɗa mata dabino a leda sai na ji ta a bayana. Tana riƙe da kofin da ta sha shayi, ɗan kofin gilashi irin wanda ake sayarwa dozin-dozin a kowane kanti.

Ta ce, “Wannan ana wankewa?”

Na juyo na dubi fuskarta ina neman gatse, don in akwai gatse to akwai sauran faɗa, faɗa kuwa ana shirya shi. Ban ga komai ba. Tambaya take yi da gaske.

Na ce, “Ana wankewa, Inna.”

Ta ajiye mini shi a gefen famfo, ta gyara mayafinta, ta fita.